Ɗaure ƙafar mata a ƙasar Sin: yaya ake yi, kuma me ya kai uwa ga yi wa 'yarta?

"Assalamu alaikum. Na ga hoton wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin, ƙafarta a dunƙule kamar kofato, yatsun duk sun shige ƙarƙashin tafin. An ce tun tana yarinya aka ɗaure ta. Don Allah yaya ake yin wannan abu, kuma wace irin uwa ce za ta yi wa 'yarta haka? Wata ƙawata ta ce maza ne suka ƙirƙiro shi don kada matansu su iya fita. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, Malama. Abu uku kika tambaya: yadda ake ɗaurin, dalilin da ya sa iyaye mata ke yi da hannunsu, da kuma ko bayanin ƙawarki ya isa. Zan fara da na ƙarshen a taƙaice. Akwai gaskiya a maganarta, amma ba ta cika ba. Al'adar da ta yi kusan shekara dubu, ta shiga gidan sarki ta shiga bukkar manomi, ba dabarar mutum ɗaya ce ta riƙe ta ba. Aure ne ya riƙe ta, da neman mutunci, da kuma aikin hannun da 'yan mata ke yi a zaune.

Sinawa na danganta farkon abin da wani sarki mai suna Li Yu, na ƙarshe a daular Tang ta Kudu a ƙarni na 10. Wai ya sa wata mai rawa a fadarsa, Yao Niang, ta naɗe ƙafafunta da farin siliki ta yi rawa a kan wani dandamali na zinariya mai siffar furen bado. Wannan labarin baka ne da aka rubuta daga baya. Hujjar da ake iya taɓawa da hannu ta fito ne daga kaburbura. A birnin Fuzhou an tono kabarin wata matashiya mai suna Huang Sheng, matar wani ɗan gidan sarauta, wadda ta rasu a 1243 tana da shekara 17, aka same ta da ƙyallen ɗauri da takalma masu siririn baki. Wato a zamanin daular Song (960 zuwa 1279) abin ya riga ya zauna a gidajen manya. A wannan ƙarni na 13 ne kuma wani malami, Che Ruoshui, ya rubuta yana tambayar amfanin azabtar da yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar wadda ba ta yi laifin komai ba. Suka dai ta fara tun da wuri, ba ta hana komai ba. Ɗaurin farko ma na sirantar da ƙafa ne kawai. Irin wanda kika gani a hoto, mai ƙusumbi a bayan ƙafa, sai wajen ƙarni na 16 ya zama abin yayi. Zuwa ƙarni na 19, ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na matan ƙasar ƙafarsu a ɗaure take, a gidajen masu hali na ƙabilar Han, wadda ita ce mafi rinjaye a ƙasar, kuwa kusan kowace mace.

Yadda ake ɗaurin

Ana farawa ne yarinya na tsakanin shekara huɗu da tara, galibi biyar zuwa bakwai. Akwai dalili. A wannan shekarun ƙasusuwan ƙafa ba su gama ƙwari ba, da yawansu guringuntsi ne, suna karɓar lanƙwasa. Idan an yi da wuri sosai yarinyar ba za ta iya bin umarni ba, tafiyarta ma ba ta zauna ba. Idan an makara ƙashi ya yi tauri, zafin ya ninka, ƙafar kuma ba za ta yi ƙanƙanta yadda ake so ba. Gidajen talakawa sukan jinkirta har shekara goma ko fiye saboda suna bukatar yarinyar a aike da gona. An fi son farawa da kaka ko shigowar sanyi, domin sanyi na kashe zafi kuma gumi ba ya yawa, miki bai cika ruɓa ba. A wasu yankuna ranar 24 ga wata na takwas a kalandarsu ta wata ce ranar farawa. Uwa za ta ɗinka wani ɗan mitsitsin takalmi ta kai wurin bautarsu, a dafa curin shinkafa mai danƙo a ba yarinyar, da fatan ƙashinta ya yi laushi kamar curin.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙyallen auduga saƙar hannu mai tsawon wajen mita uku da faɗin santimita biyar, ɗaya ga kowace ƙafa, garin alif, irin wanda ake tace ruwa da shi, almakashi, allura da zare, da jerin takalma, kowanne ya ɗan fi na gabansa ƙanƙanta. Saƙar hannu ake so domin ba ta miƙewa, ba ta kuma zamewa.

Za a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da aka dafa da ganyaye, wasu gidajen har da jinin dabba, don fata ta yi laushi. A yanke farce har ƙasa. A barbaɗa alif a tsakanin yatsu don ya tsotse gumi ya tsuke fata. Daga nan mai ɗaurin za ta ɗora bakin ƙyallen a cikin ƙafa, ta ja shi ta kan ƙananan yatsun nan huɗu ta danne su ƙarƙashin tafi. Babban yatsa ba a taɓa shi, shi ne zai zama tsinin ƙafar, kuma da shi ake samun ɗan daidaito wajen tafiya. Sai ta zagaya da ƙyallen bayan dunduniya ta dawo gaba, ta sake zagayawa, naɗin yana gicciye kansa, kowane zagaye yana jawo gaban ƙafa zuwa dunduniya. Idan ƙyallen ya ƙare sai ta ɗinke bakinsa da zare, don kada yarinyar ta kwance da dare. A sa mata takalmi, a tashe ta tsaye, a ce ta taka.

Wannan takawar ita ce mafi ciwo, kuma ba don mugunta kawai ake tilasta ta ba. Nauyin jikin yarinyar ne ke murƙushe yatsun su kwanta, tafiyar kuma ita ke sa jini ya ci gaba da zagayawa. Yarinyar da aka bari a zaune ƙafarta ta fi saurin mutuwa.

Bayan kwana biyu ko uku, a gidan masu hali kuwa kullum, za a kwance, a wanke, a kankare matacciyar fata, a sake yanke farce, a matsa gaɓoɓin, a mayar da ɗauri ya fi na jiya tsanani. Aikin yana tafiya mataki-mataki cikin wajen shekara biyu: da farko kwantar da yatsu, sannan sirantar da ƙafar, daga ƙarshe lanƙwasa tsakiyarta. A wannan mataki na ƙarshe ƙashin dunduniya, wanda a halitta yake kwance, yana juyawa ya kusa tsayawa a tsaye. Dogayen ƙasusuwan tsakiyar ƙafa su sunkuya ƙasa, bayan ƙafa ya yi tudu, tafin kuma ya ninke ya bar wani rami mai zurfi tsakanin dunduniya da gaba, wanda har kwabo kan shige ciki. Mutane kan ce karya ƙafar ake yi. Karaya na faruwa, musamman idan an fara a makare ko mai ɗaurin ta yi gaggawa, amma mafi yawan abin da hotunan ƙashi ke nunawa shi ne lanƙwasa da gocewar gaɓoɓi da hana ƙashi girma. Ƙafar da ta kai inci uku na ma'aunin Sinawa, wajen santimita 10, ita ake kira badon zinariya. Mai inci huɗu badon azurfa, wadda ta wuce haka badon ƙarfe. Ki kwatanta da ƙafar baligar mace da ke kai santimita 22 zuwa 24. Ba kowa ke kai inci ukun ba. Matan karkara da yawa ɗaurinsu sassauƙa ne, yatsun kawai ake kwantarwa ba a ninke tsakiyar ba.

Inda ake samun ɓaraka sananne ne. Farcen yatsun da aka danne yana girma ya huda tafin ƙafa, wurin ya yi mugunya. Idan ƙyalle ya yi ninki a ciki sai ya ci fata ya zama gyambo. Idan an matse fiye da kima jini ya yanke, yatsa ya yi baƙi ya ruɓe ya faɗi, wani lokacin ruɓar ta shiga jini ta kashe yarinyar. Abin takaici, akwai gidajen da ba sa ganin faɗuwar ɗan yatsa a matsayin asara, tunda ƙafar za ta ƙara sirancewa. Naman sharaɓa kuma yana shanyewa domin idon sawu ya daina aiki. Mace za ta riƙa taka dunduniya kaɗai, gwiwa a sandare, tana gajerun taku tana rangaji. Ɗaurin kuma ba ya ƙarewa da ƙuruciya. Har ta mutu kullum da ƙyalle take, domin ƙafar da aka ninke ba ta iya ɗaukar nauyi in ba a tallafe ta ba. Da dare ma akwai takalmin barci mai laushi, galibi ja. Sinawa da kansu suna da karin magana a kan haka: ƙananan ƙafa biyu, hawaye randa guda.

Me ya kai uwa ga haka?

A nan ne nake so ki ɗan jinkirta hukunci. Uwar da ke jan ƙyallen nan ita ma an ja mata, ta san zafin fiye da kowa. A harshen Sinanci kalmar "teng" tana nufin ciwo, tana kuma nufin tsananin ƙaunar da ake yi wa ɗa, kuma masu nazarin al'adar sun daɗe suna nuna yadda ma'anonin biyu suka haɗu a wannan aiki. Wasu iyayen da suka san zuciyarsu ba za ta ɗauka ba sukan kira kaka ko goggo ko wata ƙwararriya ta yi.

Ki duba abin da ke gaban uwar. 'Ya mace a wancan tsari ba ta gadon gona, ba ta shiga jarrabawar aikin gwamnati, kuma da ta yi aure ta zama 'yar gidan miji. Iyaye ne ke haɗa auren, ango ba ya ganin amarya. Mai dalilin aure kan ɗauki takalmin yarinya ta kai wa uwar miji. Takalmin nan yana ba da labari biyu a lokaci ɗaya. Girmansa yana nuna cewa yarinyar ta jure wahala kuma an yi mata tarbiyya, ɗinkin adon da ke jikinsa, wanda ita ta yi da hannunta, yana nuna gwanintarta da allura. Uwar miji ba kyau take nema ba, mai haƙuri da aikin hannu take nema. A garin da kowace yarinya ke da ɗaurarriyar ƙafa, wadda aka bari da tata ana yi mata kallon baiwa ko 'yar aiki. Uwa ɗaya ba ta isa ta fita daga tsarin ita kaɗai ba, ko da ta tsane shi, domin 'yarta ce za ta biya. Wani masani mai suna Gerry Mackie ya yi wannan bayani a 1996, kuma a ganina shi ne mabuɗin fahimtar daɗewar al'adar da kuma saurin mutuwarta.

Sha'awar maza na nan, ba a musu. Mawaƙa da marubuta sun cika takardu da yabon ƙaramar ƙafa da tafiyar rangaji, kodayake akasarinsu takalmi suke gani, domin mace ba ta cika kwance ƙyalle a gaban miji ba. Koyarwar da ke cewa mutuncin mace yana cikin gida ita ma ta ba abin gindin zama. Sai dai mu tuna cewa kusan duk abin da aka rubuta kafin ƙarni na 19 maza masu ilimi ne suka rubuta, game da matan birni. Muryar matan da kansu ba ta fito sosai ba sai da aka fara hira da tsofaffi a ƙarni na 20.

Waɗannan hirarrakin ne suka raunana bayanin ƙawarki. Idan manufar ita ce a zaunar da mace ba aiki, me zai sa manomin da bai da abincin gobe ya ɗaure 'yarsa? Masu bincike biyu, Laurel Bossen da Hill Gates, sun yi hira da tsofaffin mata kusan 1,800 a ƙauyukan Sin, suka wallafa sakamakon a 2017. Abin da suka gano shi ne ɗaurin ya fi ƙarfi a inda 'yan mata ke kaɗi da saƙa da ɗinkin takalma da saƙar tabarma ko raga. Duk wanda ya ga kakarsa da mazari ya san kaɗi aikin zama ne, kuma sai an tara zaren masu kaɗi da yawa kafin masaƙi ɗaya ya samu na aiki. Yarinya 'yar shekara shida ba ta son zama, wasa take so. Wadda ƙafarta ke ciwo kuwa za ta wuni a zaune da abawa a hannu. Ba wai uwa na faɗa wa kanta haka ba ne. Ita aure take ambata. Amma zaren na shiga kasuwa, kuɗin na shiga gida. Shi ya sa a arewacin ƙasar, yankin alkama da gero da auduga, ɗaurin ya game ko'ina, a kudu kuwa inda mata ke shiga ruwa dashen shinkafa ya yi sauƙi a wurare da dama. Matan da aka ɗaure ɗin ma ba su tsira daga gona ba. A arewa sukan yi cira da girbi a durƙushe, suna jan gwiwa.

Ba duk mutanen ƙasar ke yi ba. 'Yan ƙabilar Hakka ba sa ɗaurewa, matansu manoma ne. Mongol da mutanen Tibet ba sa yi. 'Yan ƙabilar Manchu, waɗanda daularsu ta Qing ta karɓi mulkin Sin a 1644, sun hana matansu, har sarki Kangxi ya yi dokar hana kowa a 1664, amma ta gagara aka janye ta a 1668. Matan Manchu sai suka ƙirƙiro takalmi mai dogon gindi a tsakiya don tafiyarsu ta yi kama da ta masu ɗauri. Musulmin Hui na lardin Gansu kuwa sun ɗauki al'adar daga maƙwabtansu, ta daɗe a cikinsu har ƙarni na 20.

Yadda ta mutu

Dokar sarki ta kasa, amma cikin shekara talatin zuwa arba'in abin ya rushe. A 1874 wani ɗan mishan, John Macgowan, ya tara mata Kirista wajen sittin a Xiamen suka kafa ƙungiyar barin ƙafa yadda aka halicce ta. Wani malami ɗan ƙasar mai neman sauyi, Kang Youwei, ya kafa tasa kusa da birnin Canton a 1883, wata Baturiya, Alicia Little, ta kafa wata a Shanghai a 1895. A 1898 Kang ya rubuta wa sarki cewa abin ya mayar da ƙasar abin dariya a idon duniya. Uwar sarki Cixi ta fitar da sanarwar hani a 1902, gwamnatin jamhuriya ta haramta a 1912. Mata ma sun shiga da kansu, irin su Qiu Jin wadda ta kwance tata ƙafar ta yi ta kiran mata su yi haka, kafin a kashe ta a 1907 saboda yunƙurin juyin mulki.

Dabarar da ta fi aiki ita ce ta alkawari. Wanda ya shiga ƙungiya zai yi alkawari biyu: ba zai ɗaure 'yarsa ba, kuma ba zai aura wa ɗansa mai ɗaurarriyar ƙafa ba. Da gidaje suka yi yawa a rajista, tsoron uwa ya kau, domin ga mazajen aure nan a cikin ƙungiya. A daidai lokacin kuma jirgin ƙasa ya fara kawo zaren inji mai arha, kaɗin hannu ya daina biya, masaƙun zamani da makarantu suna neman 'yan matan da za su iya tsayuwa da tafiya. Alƙaluman da wani mai bincike, Sidney Gamble, ya tattara a gundumar Dingxian, kudu da Beijing, sun nuna saurin abin: daga kashi 99 cikin ɗari a wajen 1889, zuwa 94 a 1899, zuwa babu sabon ɗauri ko ɗaya a 1919. A lunguna masu nisa, kamar wasu ƙauyukan Yunnan inda saƙar hannu ta daɗe, sai bayan kafuwar gwamnatin kwaminis a 1949 aka daina.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne matan da canjin ya riska a tsakiya. Kwance ƙafar da ta riga ta ninke yana da zafi kamar ɗaurin, kuma ba ta komawa daidai. Hanyar da ta dace ita ce a rage tsawon ƙyalle kaɗan-kaɗan cikin watanni, ana jiƙawa a ruwan ɗumi ana matsawa, ana cusa auduga a ƙarƙashin yatsu da cikin ramin tafi. Yarinyar da ba ta daɗe da farawa ba tana warkewa sosai, babbar mace kuwa sau da yawa tafiyar ma gagararta take yi. Amma jami'an da gwamnoni irin su Yan Xishan na lardin Shanxi suka tura gida-gida duba ƙafa ba su cika yin wannan haƙurin ba. Tara ake ci, a wasu wuraren a kwance mace a bainar jama'a a tafi da ƙyallen a matsayin shaidar aiki. Abin da aka ce mata shi ne mutuncinta tun tana shekara biyar, rana ɗaya ya zama abin kunya.

Labarin Zhu An, matar marubuci Lu Xun, ya nuna wannan a kusa. Ya aiko daga Japan inda yake karatu cewa ta kwance ƙafa ta shiga makaranta, danginta ba su yarda ba. Ranar biki a 1906, don ta faranta masa, ta sa babban takalmi ta cusa auduga a ciki. Ana ba da labarin cewa da za ta sauko daga kujerar da aka ɗauko amarya, takalmin ya suɓuce ya faɗi, ƙaramar ƙafar ta bayyana a gaban jama'a. Bai taɓa zama da ita zaman aure ba. Ta ƙare rayuwarta tana hidimar uwarsa, ta rasu a 1947.

Illar ta bi matan har tsufa. Wani bincike da Steven Cummings da abokan aikinsa suka wallafa a 1997, kan mata 193 masu shekara 70 zuwa sama a Beijing, ya samu kashi 38 cikin ɗari na waɗanda suka kai 80 da nakasar ɗauri, da kashi 18 na masu 70 zuwa 79. Masu nakasar sun ninka sauran yawan faɗuwa, kashi 38 a kan 19 cikin shekara guda. Tashi daga kujera ba tare da dafawa ba yana yi musu wuya, ƙashin ƙugunsu ya fi rauni, tsugunno kuma yana gagararsu, a ƙasar da bayan gida na tsugunno ne. Masana'anta ta ƙarshe da ke ɗinka musu takalma, a birnin Harbin, ta daina a 1999 saboda masu saye sun ƙare.